Zafin azahar ne ya kwashe min kalar murjani a Gombe

Har yanzu raina na sosuwa idan na tuna kuɗin da na zuba a kayan gwaji da kiraye-kirayen waya, alhali abin da ke cin murjanina yana shigowa falon ne kullum daga azahar zuwa la'asar, lokacin ina wurin aiki.

Murjani mai rai nake kiwo, wato halittar teku mai ƙashin dutse, a cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri. Duk tsawon hunturu tankin lafiya lau. Cikin nau'o'in murjanin da nake da su, jar Montipora tana ta faɗaɗa kamar faifai, Acropora mai shuɗin baki tana fitar da sababbin rassa. Shigowar Maris ke da wuya sai Acropora ta fara koɗewa, daga baya Montipora ta bi sahu.

Mai irin wannan kiwo ya san rasa kala iri-iri ce. Idan murjani ya rine ya koma ruwan ƙasa, galibi naitiret da fosfet, sinadaran da datti ke tarawa a ruwa, su ne suka yi yawa ko haske ya yi kaɗan, sai 'yar gansakukar nan da ke zaune cikin namansa, wadda ita ke ciyar da shi da hasken da ta samu, ta yawaita ta rufe kalarsa. Idan ya yi fari amma nama na nan, to ya kori gansakukar ne. Idan kuwa ƙashi ne tsirara, nama ya saɓule, wannan wurin ya mutu. Da dare na haska tocila, na matso da ido dab da gilashi: 'yan bakunan da ke jikin murjanin suna nan, sun leƙo, sai dai garau suke har ana hango ƙashin ta cikinsu. Da rai, amma yunwa ta kusa gamawa da su.

Wanda ya sayar min da su daga Legas ko tambayar zafi bai yi ba, ya ce fitila ce ta yi ƙarfi. Na rage ta, babu canji. Wani ya ce alkaliniti, wato yawan sinadarin kabonet da murjani ke gina ƙashi da shi, shi ne ke hawa da sauka. Na gwada safe da yamma, yana nan daram inda ake so. Na auna sauran sinadarai da gishiri. Komai daidai, murjani kuma na ta fari. Ma'aunin zafi ma kullum da safe kafin na fita digiri 26 ko 27 yake nunawa, shi ya sa ban kawo zafi a lissafi ba.

Ƙanina da ya zo hutu ne ya ce min, "Yaya, ruwan nan fa da rana ɗumi gare shi, na taɓa gilashin na ji." Na nemo ma'aunin da ke riƙe mafi girman lambar da ruwa ya kai a yini. Da na dawo da yamma na tarar da 31 a rubuce. Jikina ya yi sanyi.

Daga nan komai ya fito fili. Ana ɗauke wuta da rana, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, inbata kuma famfunan zagaya ruwa da fitila kawai take ɗauka, su ma zafi suke ƙara wa ruwan. Murfin gilashin da na sa saboda ƙurar hunturu yana nan rufe ruf. A waje rana na neman digiri 40, kwano na gasa ɗaki. Cikin dare ruwan ya huce, da safe ya nuna min fuskar salihai. Murjanin dutse ya fi son 25 zuwa 26, kuma ko a teku, ƙarin digiri 1 kacal a kan mafi zafin da ya saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya sa shi fari. Abin da ya faru ke nan da babban shingen murjani na Ostireliya a 2016 da 2017. Ina ga tankin da ke tsallen digiri 4 zuwa 5 kowace rana?

Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk masu ba ni shawara lambar safe suke ji su gamsu. Babu wanda ya ce, "Ƙarfe nawa ka auna?" Wanda ke zaune a bakin teku bai san Afrilun Gombe ba.

Na cire murfin na sa raga, na ɗaura ƙananan fankoki masu aiki da batirin sola suna hura saman ruwa, na mayar da lokacin fitila zuwa bayan magariba. Ranar da zafi ya yi tsanani, ƙanina na saka robar ruwa mai ƙanƙara, a rufe gam, ɗaya bayan ɗaya, don sanyin da ya faɗo farat ɗaya ma illa ne. Busasshiyar iskarmu ta taimaka, a sauran ranaku fanka kaɗai ta hana ruwan kaiwa digiri 28. Sai dai ruwa na tashi sosai, gishiri kuwa ba ya bin tururi, dole kullum a cike gurbin da ruwan RO zalla, wato wanda na'ura ta tace babu gishiri ko wani sinadari a ciki. Kada ka kuskura ka zuba na burtsatse.

Montipora ta fara dawowa da kalar ruwan ƙasa, na yi hamdala don alama ce gansakukar ta komo, jan ya biyo baya a hankali cikin damina. Acropora kam ba ta kai labari ba. Nama ya fara saɓulewa daga gindi, na yanke rassan sama ko za su tsira, su ma suka bi. Ita ce mafi tsada a tankin, kuma da wani ya ambaci zafin azahar tun makon farko da tana nan.

Idan damina ta kusa, iska ta yi laima, fanka ba ta ja da zafi kamar da, don haka ina tara kuɗin na'urar sanyaya ruwa da ƙarin farantan sola da za su ɗauke ta. Sai sun samu zan sake yin odar Acropora.