Wasiƙa Daga Turai: Kantar Da Kuke Ta Tambaya A Kanta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ina gaishe ku, muna lafiya, sanyi kuma yana nan yana aikinsa. A bar gaisuwa haka. Duk wanda muka yi waya ta bidiyo sai ya ce, "Yaya, wannan kantar da ke bayanka a ina ka saya?" Ban saya ba. Zan faɗa muku yadda aka haɗa ta, da wajen makullai, da na wayoyin caja.

Takarda ce ta tilasta ni. Mutanen nan suna da intanet mai gudu kamar me, amma ba su yarda magana ta tabbata ba sai an zuba ta a ambulan. Mai gidan haya ya rubuto, banki ya rubuto, ofishin haraji ya rubuto, inshorar lafiya ta rubuto, sannan wani ofishin ya sake rubutowa don ya sanar da kai cewa ya karɓi amsar da ka ba wasiƙarsa ta farko. Kowace tana ɗauke da wa'adi a ƙasa da ƙananan haruffa. Wa'adin ya wuce, tara ta hau kanka, kuma ba mai sauraron "wallahi ban gani ba". Abin haushin ma, takardun talla ta akwatin wasiƙa ɗaya suke shigowa da muhimman takardu, duk a cakuɗe.

To, jikin kantar tsohuwar durowar tebur ce da aka yar. Idan ka tayar da durowa ka manna bayanta da bango, ta zama kanta mai gefe huɗu, ba ka yanka katako ko ɗaya ba. A ciki na jera kwalaye uku da na yanke a karkace, gaba gajere, baya dogo. Ku auna kafin ku yanka: takardar A4 faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7, don haka kwalin ya ɗan fi haka, in ba haka ba gefen takardu zai riƙa naɗewa. Na farko na abin da ke jiran amsa ko biya, na biyu na abin da aka gama amma ake ajiyewa, na uku na wanda za a yaga. Uku sun isa. Wanda ya yi gida goma sha biyu, rarrabewar kanta za ta gajiyar da shi, ya koma jibgewa a kan kujera.

Inda aka kafa ta ya fi kyanta muhimmanci. Ku lura da wajen da hannunku ke sakin kaya da zarar kun shigo ɗaki, nan za ku kafa ta, ko da wajen bai yi muku kyau ba. Kantar da sai an yi tattaki kafin a kai gare ta, ado ce kawai.

Ƙarƙashinta na ɗaure murafen kwalabe da sukuru, sai a murɗa kwalbar ta rataye, a zuba ƙananan abubuwa irin su allura da batir. Gwangwanaye na biro da almakashi ne, amma a danne bakinsu da filaya saboda kaifi. A gefe akwai tsohon tire na ƙarfe da ake liƙa takardar gaggawa da maganaɗisu. Ku gwada tukuna, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyom.

Ga abubuwan da nake so ku kiyaye. Idan kun samo katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan motoci, ku duba hatimin jikinsa. HT na nufin da zafi aka gasa shi, ba matsala. MB na nufin an yi masa turaren maganin ƙwari mai guba, kada ya shiga ɗaki. Haka tsohon fenti, sau da yawa akwai dalma mai guba a ciki. Amurka ma sai a 1978 ta hana fenti mai dalma a gidaje. Kada a kankare shi a inda yara ke wasa. Kwali kuma danshi da kyankyaso da gara duk suna sonsa, shi ya sa takardar haihuwa da ta makaranta ba nan ne wajensu ba, a sa su a leda a kulle. Rasit irin na injin kanti yana gogewa da zafi da hasken rana, ku ɗauki hotonsa tun rubutun na fita.

Makullai, ƙusa ce a gefen durowa, kowa da tasa. Wayoyin caja na cusa su a kwalin da ke tsakiyar takardar bayi, ɗaya-ɗaya, ba sa harɗewa. Kayan yara kuwa har yanzu suna ƙasa, sai wata wasiƙar.

Ku gaida mutan gida.