Kunamar Ruwa da Jan Biri

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau na wuni ina shirya darasin rabe-raben halittu da zan gabatar wa ɗaliban aji biyar, kuma na ɗauki dabbobi biyu da ake samu a ƙasarmu domin kwatanci: jan biri da kunamar ruwa, wato faffaɗan kifin nan mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya cikin yashin kogin Binuwai da na Neja.

Dukansu suna cikin babban rukunin Chordata, wanda ya haɗa kifaye, tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, amma daga nan hanya ta rabu. Jan biri, Erythrocebus patas, yana ajin masu shayarwa, a dangin Cercopithecidae. Ita kuwa kunamar ruwa ba ta da ƙashi ko ɗaya, guringuntsi ne ke riƙe da jikinta, saboda haka tana ajin Chondrichthyes tare da kifin shak, a dangin Dasyatidae. Masana biyu, Stauch da Blanc, su ne suka bayyana ta ga kimiyya a 1962, suka raɗa mata suna garouaensis saboda garin Garwa na Kamaru, kuma sai a 2016 aka mayar da ita jinsin Fontitrygon daga Dasyatis. Haihuwa take yi, ba ta saka ƙwai, kuma na tabbata wannan zai ba yaran mamaki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matsayinsu a jan kundin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, wanda ke nuna matakin haɗarin ƙarewa da kowace halitta ke ciki. Na daɗe ina zaton birin ne ya fi shiga haɗari, domin da idona na ga yadda sare daji da faɗaɗa gonaki suka kore shi daga wuraren da muka saba ganinsa muna yara. Ashe shi yana matakin waɗanda suka kusa shiga barazana ne, alhali kunamar ruwa tana matakin da ke dab da ƙarewa, sakamakon yawan kamu da lalacewar kogunan da ba ta da wani mazauni sai su.

Da la'asar na gangara bakin kogi a Jimeta, na tambayi wani dattijon masunci labarinta. Ya ajiye komar da yake ɗinki, ya nuna mini tabon harbinta a idon sawunsa, ya ce: "Malam, tun ina saurayi na samu wannan, amma yau shekara da shekaru ban sake ganin ta a komata ba." Na roƙe shi ya zo ajinmu ranar Alhamis ya ba ɗaliban labari da bakinsa, kuma ya amsa mini.