Zaman gida ba wutar NEPA a Legas: abin da ake iya kashewa da abin da ba a iyawa

Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, daga baya ya tsaya a 209.5, magidanta da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 suka fara tunanin kashe mita gaba ɗaya. Abu ne mai yiwuwa, amma da sharaɗi. In bil ɗin ƙiyasi ake kawo maka, ko ka kwana a duhu sai ka biya. Sai ka fara neman mita mai kati daga kamfanin raba wuta na Ikeja Electric ko na Eko, gwargwadon unguwarka. Wanda ke gidan haya da ake karo-karon sayen yunit kuma, ya fara daidaitawa da maƙwabta.

Duk abin da ke yin zafi shi ke cin kuɗi. Dutsen guga na lantarki wat 1,000 ne ko fiye, wato awa ɗaya yunit ɗaya. Hitar dafa ruwa da rishon lantarki ma haka. Kwan fitila na LED mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 kafin ya ci yunit guda. Saboda haka girki ya koma kan gas, guga kan dutsen gawayi. A bar gawayin ya ruru har hayaƙi ya ɗauke kafin a rufe dutsen, a kuma gwada a kan tsumma, don tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shadda.

Firji ne wurin da mutanenmu suka fi yin kuskure. A Arewa an san dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa: a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, tumatir da alayyahu su daɗe. Sirrinta shi ne busasshiyar iska da ke shanye ruwan yashin ta tafi da zafin. Iskar Legas kuwa ta riga ta ƙoshi da ruwa, laimarta kan haura kashi 80 cikin ɗari, don haka yashin ba ya bushewa, sanyi ba ya samuwa, sai dai kayan miya su yi fumfuna. Randa ma a nan ba ta kai ta Kano sanyi. Abin da ke aiki shi ne cefanen kwana ɗaya ko biyu, nama a soya shi ya bushe sosai, miya a tafasa ta safe da dare ba tare da an sa mata cokali ba bayan an sauke. In akwai mai shan maganin da sai da sanyi, irin insulin, to maganar kashe firji ba ta taso ba.

Fanka ma ba a rabuwa da ita, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ga zafi ga sauro. Nan ƙaramar sola ke shigowa. Kwan fitila huɗu masu wat 5 na awa biyar, fanka mai aiki da batir ta wat 20 na awa goma, da cajin waya huɗu, duka ba su wuce kashi huɗu cikin goma na yunit ɗaya ba. Farantin sola mai wat 200, batir mai bolt 12 da 100Ah, da na'urar daidaita caji mai amfiya 20 sun ɗauke wannan. Kada a rage girman farantin don an ga mai wat 100 ya wadatar a Sakkwato. Hadarin Yuni da Yuli na Legas yakan rufe rana kwana da kwanaki.

Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da na'urar, sannan farantin. In aka juya, na'urar na iya ƙonewa. A sa fiyus dab da kan batir, a yi amfani da waya mai kauri, domin siririya tana zafi tana zubar da wuta a banza. Batir mai ruwa rabin cajinsa kawai ake amfani da shi. Wanda ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya shekara. In ruwansa ya ja, ruwan batir da aka tace ake ƙarawa, ba na rijiya ba. Unguwannin da ke kusa da teku kuma gishirin iska na cin kawunan batir, sai a goge farin garin a shafa man gris.

Ruwa shi ne ragowar matsala, tunda gidajen Legas da yawa da injin burtsatse suke. Ko dai a kunna mita awa ɗaya a cika tanki a kashe, ko a dogara da mai ruwa da jarkokinsa masu lita 25.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a kwana da janareta ko murhun gawayi a ɗaki ko a lungun da ke rufe. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsu ba ta da wari, kuma tana kashe mutanen gida suna barci. Janareta a waje, nesa da taga. Kyandir ma a bar shi, fitilar caji ta fi shi arha in aka yi lissafin wata guda, kuma ba ta kama labule.