Tayar da tsohon keke don zuwa aiki

Kafin ka biya kuɗin tsohon Raleigh ko Phoenix, duba firam tukuna, musamman wuya da wajen feda. In akwai tsaga ko an yi walda a wurin, bar shi. Gargadar hanyar ƙauye za ta sake buɗe shi.

Yawan aikin yana wajen boris. Kwance ƙafafun, ka wanke da kananzir, ka zuba sababbi da giris: gaba ƙanana 10 kowane gefe, baya manya 9. Kada ka ɗaure tamau, sai ƙafa tana juyawa ba tare da girgiɗi ba. Matsewa ce ke cinye boris.

Kaca kuwa a jiƙa ta a kananzir ta kwana. Mai kaɗan ya ishe ta, domin yashinmu yana manne wa mai ya zama kamar dutsen wasa. In haƙoran da kacar ke hawa sun yi tsini, canja su tare da kacar, in ba haka ba za ta riƙa tsalle.

Taya mai lamba 28 a sa sabuwa, a shimfiɗa yankakken tsohon tub a ciki saboda ƙaya. Robar birki ma sabuwa, don da damina tsohuwa ba ta kama jiƙaƙƙen ƙarfe.