Alhamdu lillahi, na fito daga sashen gaggawa

Alhamdu lillahi. Sakamakon jarrabawar horon da na yi a sashen gaggawa na asibiti ya fito jiya, na haye. Kun san yadda watannin nan suka kasance, ba sai na maimaita ba. Har yanzu in na ji kabu-kabu ya ci burki a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ɗauka wani aka kawo.

Dare ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata. Tsakiyar damina, zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, aka kawo yaro ɗan shekara 3 daga wani ƙauye wajen Madarunfa, kilo 11, ya yi ta jijjiga har ya daina amsawa. Na duba numfashinsa, na kwantar da shi ta gefe, na lissafa artesunat, maganin zazzaɓin, miligiram 3 a kowane kilo tunda bai kai kilo 20 ba. A raina na gama. Sai Majo, babbar ma'aikaciyar jinya ta sashen, ta matso, ba ta ce uffan a gaban uwarsa ba, ta danƙa mini abin gwajin suga a hannu, ta ce a hankali, “Ɗiyata, duba wannan.” Suga ya faɗi warwas. Muka ɗura masa gulukos, wato ruwan suga, kafin kiran asuba ya buɗe ido.

Malaminmu ya wajabta mana littafi, bayan kowace gardi, wato aikin kwana a asibiti, a rubuta abin da aka yi da abin da ya kuɓuce. Da farko cika shafi kawai nake yi. Daren nan ne na fara rubuta gaskiya, hannuna na rawa: na san darasin, ba jahilci ba ne. Da na ce “zazzaɓi ne” sai na rufe tunanina, ban sake neman wani abu ba. Washegari malam ya karanta, bai yi faɗa ba, ya ce in faɗa wa abokan karatuna da bakina. Ya yi mini nauyi, amma na faɗa. Tun daga ranar, duk wanda aka kawo a sume, hannuna na kai ga abin gwajin suga kafin in buɗe baki, kuma haka na yi ranar jarrabawa.

Majo, na san ba kya son a ambace ki, ki yafe mini. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira kamar yadda kika rufa mini, ya raya miki zuri'a, ya kai ki ɗakinsa. Inna mai kunu ta bakin ƙofa da ke ajiye mini nawa ko ba ni da ko dala, Allah ya buɗa miki. Innata da ke tashi tsakar dare tana mini addu'a, Allah ya ba ni ikon kyautata miki.

Akwai 'yan uwa a cikin Maraɗin nan da ko sau ɗaya ba su kira ba, jiya kuwa waya ta ƙi hutawa. Ba komai, na gode.

Yaron nan, duk inda yake, Allah ya raya shi.