Silaid a aji, abun da na fahimta zuwa yanzu

Ni malamin jogirafi ne a wata sakandare nan cikin Kaduna, kuma tunda muka samu majigi abokan aiki ke ta tambayata wai wacce ta fi tsakanin PowerPoint da Google Slides da Canva, wato manhajojin haɗa silaid, shafukan hoto da rubutu da ake haskawa a bango. Gaskiya ni kafin na duba wacce ta fi kyau, abu na farko da nake tambaya shi ne zata buɗe ba data? Idan an ɗauke wuta ana tsaka da darasi fa? PowerPoint dai tana kan laftof ba ruwanta da intanet, Google Slides kuma sai ka saita ta tun kana da data, in ba haka ba ka tsaya gaban yara kana jiran netwok. Canva wallahi tana da ado amma tana shan data. Wanda ba shi da kuɗin lasisi ya nemi LibreOffice Impress, kyauta ce, ko WPS a waya ma tana yi.

Inda silaid ta burge ni sosai shi ne darasin koguna. Yaranmu da yawa suna tsallaka gadar kogin Kaduna kusan kullum, amma ka tambaye su daga ina ruwan ya taso sai a yi tsit. Da na saka taswira babba a bango, na bi kogin da yatsa tun daga tsaunukan Jos, ya ratsa cikin garinmu, ya shiga jihar Neja inda aka datse shi a Shiroro, sannan ya je ya faɗa kogin Kwara wajen Pategi, sai ga hannuwa sama ko ta ina. Na ƙara musu hoton madatsar, na ce tun 1990 take ba da lantarki, megawat 600 aka gina ta ta riƙa bayarwa, sai wata yarinya daga can baya ta ce "Malam, wato ruwan da ke wucewa ta bayan unguwarmu shi ne yake zama wuta?" Wannan tambayar alli ba zai ciro min ita ba ko na kwana ina zane a allo.

Amma fa da zarar ka cika silaid da rubutu shikenan ka rasa ajin, kowa ya duƙa yana kwafa, ba mai jin bayaninka, kana matsawa gaba a hau "Malam dan Allah a dawo baya". Dama PowerPoint ɗin tun fitowarta a 1987 don 'yan ofis da 'yan kasuwa aka yi ta, mutanen da ba wanda zai musu jarabawa kan abun da suka kalla, mu kuwa WAEC da NECO na jiran yaranmu. Shi yasa duk abun da ke buƙatar bi a hankali, kamar lissafin sikelin taswira ko bambancin lokaci tsakanin garuruwa, a allo nake yinsa, saurin hannuna shi ne saurin kansu.

Sai ƙananan abubuwa masu ɓata darasi. Ka tsara komai a gida, ka zo da filash ka saka a wata kwamfuta sai ka tarar rubutu ya watse, ƙ da ɗ da ɓ wani lokacin su koma akwatuna, don haka kullum ina ajiye kwafi ɗaya a PDF. Rubutu kuma ya zama manya, ka je bencin ƙarshe ka zauna ka gwada karantawa da kanka kafin yara su shigo. Lokacin hunturu a riƙa rufe majigin in an gama aiki da shi, ƙura na toshe shi ya yi zafi ya mutu da kansa.

Yanzu dai abun da nake roƙon shugabar makaranta labule ne na tagogin gefen gabas, don darasina na safe ne kuma hasken rana na wanke hoton gaba ɗaya, na baya ba sa ganin komai.