Hawan jini: abin da aikin unguwa ya koya mini

Duk ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, mukan kafa tebur da na'urar awo a ƙofar gidan mai unguwa, jama'a su yi dafifi. Tara mutane ba shi da wuya. Aikin na gaske yana farawa ne daga baya, lokacin da ya kamata wanda awonsa ya kai 140/90 ko ya haura ya dawo asibitin sha-ka-tafi a sake dubawa.

Da yawa ba sa dawowa, kuma ban ga laifinsu ba. Mun saba da zazzaɓin cizon sauro, a sha magani kwana uku a miƙe. Sai ga mu muna ce wa magidanci ya sha ƙwaya kullum, wataƙila har ƙarshen rayuwarsa, alhali yana zuwa kasuwa garau. Wasu ba ma sake ganinsu sai ɓarin jiki ya shanye, Allah Ya kiyaye.

Na lura maganar ta fi shiga idan ta fito daga bakin liman bayan sallar Magariba, ko daga dattijon da ya yi jinyar kansa. Inda kwamitin mazaɓa ya riƙe sunayen masu ciwon, 'yan sa-kai suna bi gida-gida suna tuni, nan ake dawowa.

Batun gishiri ya fi koya mini darasi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Uwargida ke girki, amma maigida ke cefane, shi ne kuma mai mita idan miya ta yi lami. Wa'azin da aka yi wa mata a Islamiyya ba ya zama a tukunya sai an bi maza majalisarsu da shi.

Mata kuwa, yawancinsu a awon ciki kaɗai ake yi musu awon hawan jini. Da haihuwa ta tsaya, shi ke nan. Iyayenmu tsofaffi sai mace 'yar'uwarsu ta shiga musu har ɗaki da na'ura.

Abin da ke damuna har yanzu kuɗin magani ne. Mutum ya yarda, ya fara sha, wata ya ƙare, aljihu babu.